Bayan Tiyatar Kansar Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jinya, Ƙoda Ɗaya da Taba Sigari

Ranar da aka sallami mutum daga asibiti bayan an yi masa aikin ƙoda, yakan koma gida da tambayoyi cike da ransa. Likita yana da layin marasa lafiya a ƙofa, majinyaci kuma gajiya ko nauyin baki kan hana shi tambaya, sai a dawo gida a riƙa jin ta bakin 'yan dubiya, kowa da nasa maganin. Ga amsoshin tambayoyin da masu jinya da iyalansu suka fi yi. Inda maganar likitan da ya yi maka aiki ta saɓa da abin da ke nan, tasa za ka bi, domin shi ya ga abin da ke ciki.

Duka ƙodar ake cirewa ko wani sashe?

Ya danganta da girman ƙarin da kuma wurin da ya zauna. Idan bai wuce santimita 4 ba, wani lokaci har zuwa 7, likita kan yanke shi kaɗai ya bar sauran ƙodar tana aiki. Idan ya yi girma ko ya shiga tsakiya inda manyan jijiyoyin jini suke, sai a ɗauke ƙodar gaba ɗaya tare da kitsen da ya lulluɓe ta. Ana yin aikin ta hanyar tsaga kwiɓi ko ciki, ko ta ƙananan huji da ake zura kyamara, dabarar da aka fara cire ƙoda da ita a Amurka a 1990.

A wajenmu cire duka aka fi yi, saboda a makare ake zuwa. A Turai fiye da rabin masu wannan cuta ana gano ta ne ba zato, wajen hoton ciki don wani dalili daban. Mu kuwa mutum zai ga jini a fitsarinsa a ce tsargiya ce, ya sha maganinta, jinin ya ɗauke, bayan watanni ya dawo. Fitsarin jini ga wanda ya haura shekara 40, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, abin zuwa asibiti ne.

Abu guda kada ka bari ya wuce ka: takardar gwajin ƙarin da aka cire. Ita ke faɗin irin kansar, matakin da ta kai, da ko an cire ta tas. Duk shawarar da za a yanke nan gaba a kanta za a gina.

Sai yaushe zan koma harkokina?

Wanda aka yi wa aikin huji yakan kwana 1 zuwa 3 a asibiti, wanda aka tsaga kuwa 3 zuwa 7. Ɗinkin fata yana haɗewa cikin mako biyu, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa, domin naman ciki bai kama ba tukuna. Har tsawon mako 6 kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 ta ninka haka sau biyar. Jan guga, daka, noma, dako, goyon yaro mai nauyi da hawa babur a hanya mai gargada duk su jira. Wanda ya yi gaggawa yana iya samun ƙaba a wurin ɗinkin, wadda sai an sake komawa ɗakin tiyata.

Kwanciya ita ma ba ta da kyau. Tun kashegarin aiki ake so majinyaci ya taka, ko daga gado zuwa bakin ƙofa ne, kullum yana ƙarawa. Tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana buɗe huhu, tana motsa hanji. Mai aikin ofis yakan koma cikin mako 4 zuwa 6, mai aikin ƙarfi sai ya kai wata 2 zuwa 3. Kasala kuwa takan daɗe fiye da ciwon kansa.

Wane ciwo ne na al'ada, wane ne na komawa asibiti?

Zafi a wurin ɗinki, dindiris a fatar da ke kewaye da shi, ciwon kafaɗa na kwana biyu bayan aikin huji saboda iskar da aka hura a ciki, da taurin bayan gida saboda magungunan kashe zafi, duk an saba ganinsu. Idan za ka yi tari, danne wurin da matashi.

Amma a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba idan aka ga zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya, ko jini da gudaji a fitsari, ko fitsarin ya ragu ƙwarai, ko amai ya ƙi tsayawa. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, alamar gudan jini ne, kuma ko tsakar dare ne a tafi. Zazzaɓin da ya biyo bayan tiyata kada a yanke masa hukuncin cizon sauro a kemis, a je a gwada.

Ƙoda ɗaya za ta riƙe ni, ko sai na koma wankin ƙoda?

Za ta riƙe ka, da yardar Allah. Wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki nauyi, har aikinta ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da biyun suke yi a da, kuma wannan ya ishi jiki. Mafi yawan masu ƙoda ɗaya ba sa taɓa bukatar wanki. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu hawan jini, masu ciwon suga, tsofaffi, da masu shan taba, domin waɗannan ne ke cinye ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Gidan da ke da rijiya ɗaya ba a wasa da bakinta.

Ina ruwan taba da ƙoda? Ba huhu take lalatawa ba?

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa. Ba a huhu suke tsayawa ba. Suna shiga jini, jinin kuma ƙoda ke tace shi, wajen lita 180 na ruwan jini a kowace rana. Dafin da mashayi ya zuƙa ta ƙoda yake bi ya fita, ya taru a fitsari, ya zauna a mafitsara na sa'o'i. Shi ya sa kusan rabin kansar mafitsara taba ce sanadinta.

Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa, ta sanya kansar naman ƙoda cikin cututtukan da taba ke haddasawa tun 2004. Namiji mashayi haɗarinsa ya ɗara na wanda bai taɓa sha ba da kusan kashi 50 cikin 100, kuma yana hawa da yawan karan da ake sha da yawan shekaru. Ba taba kaɗai ba ce: ƙiba da hawan jini su ma suna ciki, kuma akwai masu kamuwa ba su taɓa kai kara baki ba. A 2022 mutum sama da 430,000 aka gano suna da kansar ƙoda a duniya, maza sun kusa ninka mata.

An riga an cire. Barin taba yanzu zai amfana mini wani abu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma amsarta e, ƙwarai da gaske. Mutane da yawa kan ce aikin gama ya gama, abin da ake gudu ya riga ya faru. Ba haka ba ne.

Masu bincike na IARC tare da cibiyar kansa ta Blokhin da ke birnin Mosko sun bi diddigin mutum 212 masu kansar ƙoda waɗanda suke shan taba lokacin da aka gano cutar, na tsawon kimanin shekara 8. Wajen kashi 40 cikin 100 sun daina. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna haɗarin mutuwa ya ragu da kusan rabi ga waɗanda suka daina, haɗarin ci gaban cutar kuma ya ragu da fiye da rabi. An ga wannan amfani ga mai sha kaɗan da mai sha da yawa, ga wanda cutarsa ke matakin farko da wanda ta yi nisa. Ka tuna irin kuɗin da aka kashe, gona ko dabbar da aka sayar, da gudummawar dangi kafin a shiga ɗakin tiyata. Barin taba kuwa magani ne da ba a biyan ko sisi a kansa, kuma yana hannun majinyaci.

Akwai kuma maganar warkewar ɗinki. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi tana ƙwace gurbin iskar numfashi a jini, sai rauni ya rasa abin da zai warke da shi. Ɗinkin mashayi ya fi saurin ruɓewa ko buɗewa, huhunsa ya fi tara majina har ta zama nimoniya, tarin kuma yana jijjiga ɗinkin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna wanda ya daina aƙalla mako 4 kafin tiyata yana samun raguwar matsaloli sosai. Wanda ke jiran ranar aiki ya daina yau. Wanda aka riga aka yi wa, kwanakin da ya yi a gadon asibiti babu taba sun riga sun ɗauke masa mafi wuyar hanya, asara ce ya koma.

Na uku, ita ƙodar da ta rage. Taba tana ɗaga hawan jini, tana ƙanƙance jijiyoyin da ke shayar da ƙoda, tana gaggauta gazawarta. Sannan mai kansa da ya ci gaba da sha yana buɗe ƙofa ga wata sabuwar kansa a huhu, mafitsara, maƙogwaro ko baki.

Na rage zuwa kara biyu a rana. Bai isa ba?

Bai isa ba. Binciken da aka buga a Ingila a 2018 ya nuna mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Ragewa tana da amfani ne idan mataki ce zuwa ranar dainawa da aka tsayar.

Shisha fa? Da garin taba, da sigarin lantarki?

Ruwan tulun shisha sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya tace dafi. Garwashin da ake ɗorawa yana ƙara kabon monoksaid, kuma a zama ɗaya na kusan awa guda mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 ko fiye. Ƙamshin tuffa da na'ana'a ne ke sa matasa, har da 'yan mata, ɗaukar ta abin wasa. Garin taba da ake shaƙa ko ake cusawa a leɓe, sau da yawa haɗe da kanwa, yana da nikotin da sinadaran kansa. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, amma nikotin ɗinsa yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, mai ƙoda ɗaya ba ya bukatar hakan. Wiwi ma hayaƙi ne, kuma galibi da taba ake haɗa shi.

Na sha gwadawa ina komawa. Yaya zan yi?

Yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da dama. Nikotin kama ƙwaƙwalwa yake yi, ba rashin zuciya ba ne. Kwana 3 na farko su ne masu zafi: fushi, rashin barci, ciwon kai, kasa tsayar da hankali. Bayan mako 2 zuwa 4 yawanci sun lafa. Ita sha'awar kanta takan taso ta kwanta cikin 'yan mintoci, idan aka sha ruwa, aka tashi aka taka, ko aka sa aswaki a baki.

Tsayar da rana, ka sanar da iyali da abokai. Fitar da kwali, ashana da duk abin da ya rage a aljihu ko mota. Sannan ka dubi wuraren da hannu ke kai kara baki da kansa: bayan cin abinci, teburin mai shayi, majalisar dare. Dokar hana taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san a bakin titi har yanzu ana samu, kuma wannan kara ɗaya na mai tebur shi ke mayar da mutane baya. Ƙaurace wa wurin na wata guda ya fi dogaro da ƙarfin hali.

Akwai magunguna. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ta amince da filasta da cingam na nikotin, da varenicline, bupropion da cytisine. Haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowanne shi kaɗai. Sai dai varenicline ta ƙoda yake fita, don haka likita ne zai duba gwajin ƙodarka kafin ya tsayar da adadi. Kada ka saya da kanka.

Abu biyu da kan ba mutane tsoro: tari yakan ƙaru a makonnin farko, domin huhu ya fara share kansa. Shayi mai kauri da kofi da goro kuma sukan fi bugun mutum bayan ya daina, saboda hayaƙin taba ne ke sa hanta saurin narkar da sinadarinsu, sai a rage su. Idan ka zame ka sha ɗaya, jefar da sauran ka ci gaba daga inda kake.

Maigidana ya koma sha a ɓoye bayan aikin. Me zan yi?

Hajiya, gori da tara masa dangi ba za su sa ya daina ba, sai dai ya ƙara ɓoyewa. Mutumin da aka ce masa yana da kansa yana cikin tsoro ko bai faɗa ba, taba kuma ita ya saba gudu wurinta. Ki same shi ku biyu, ki gaya masa kin sani, ki nemi ku je wurin likita tare a faɗi gaskiya, domin likita ba zai taimaka a kan abin da aka ɓoye masa ba. Idan akwai aboki ko yaya da yake jin nauyinsa, wanda zai rufa asiri, a sa shi.

Abin da ba za ki sassauta a kai ba shi ne hayaƙi a ɗaki ko a mota. Taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, shaƙar na wasu kawai suke yi. 'Yan dubiya masu sha su ma su yi a waje.

Me zan ci, wane magani zan guje wa?

Abincin gida ya isa: tuwo, wake, ganye, kifi, nama daidai misali. Gishiri ne abin lura, kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk gishiri ne. A rage kanwa. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, musamman da bazara, sai fa idan likita ya ƙayyade.

Magunguna sun fi abinci haɗari. Ibuprofen, diclofenac da piroxicam suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma su ne cikin haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis. Paracetamol ya fi aminci idan ba a wuce ƙa'ida ba. Allurar gentamicin ma sai da sanin likita. Jiƙe-jiƙe, maganin basir da na ƙarfin maza da ake talla a mota da lasifika, da man bilicin mai sinadarin makuri, babu wanda ya san adadin abin da ke cikinsu, kuma ƙoda ce za ta tace. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai hana kansa dawowa, kuɗinka yake so. Addu'a kuwa ba ta karo da zuwa asibiti.

Salla da azumi fa?

Ruku'u da sujada suna ja wurin ɗinki a makonnin farko. Shari'a ta sauƙaƙa: wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kishingiɗe. Azumi kuwa, mara lafiya yana da rangwamen ramawa daga baya. A watannin farko bayan aiki bai kamata ƙoda ɗaya da ke koyon ɗaukar nauyi ta wuni babu ruwa ba, balle a zafin Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram da kan haura digiri 40. Daga baya, idan gwaji ya yi kyau, da yawa suna azumi lafiya. A yi gwajin jini kafin watan ya kama, a nemi hukuncin likita.

Zai shafi iyali ko haihuwa?

Cire ƙoda ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana mace ɗaukar ciki. A jira kamar mako 4 zuwa 6 kafin kusantar iyali. Mace ta shawarci likita kafin ciki, a kuma riƙa auna jininta da fitsarinta a wurin awo. Taba ce ke kashe ƙarfin namiji, ta hanyar lalata jijiyoyin jini.

'Ya'yana za su gada?

Mafi yawanci a'a. Kaɗan ne ke bin jini, kamar ciwon von Hippel-Lindau. Ana zargin gado idan cutar ta kama mutum da ƙuruciya, ko ta kama ƙoda biyu, ko ta bayyana ga dangi na kusa fiye da ɗaya. Akwai kuma wata iri mai tsanani, wadda ba a cika gani ba, da ke kama matasa masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila. Tun da masu AS suna da yawa a cikinmu, saurayi ko budurwa mai AS da ya ga jini a fitsari a yi masa hoton ƙoda.

Me ya sa ba a ba ni kemo ba? Kuma za ta iya dawowa?

Kusan 9 cikin 10 na kansar ƙoda ga manya iri ɗaya ce, mai farawa daga ƙananan bututun tace fitsari, kuma ba ta jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, irin wanda aka sani. Idan ba ta fita daga ƙoda ba, tiyata ita ce maganin. A Amurka wajen kashi 93 cikin 100 na irin waɗannan suna raye bayan shekara 5. Ga wanda gwaji ya nuna haɗarinsa babba ne, akwai pembrolizumab, ƙarin ruwa mai zaburar da garkuwar jiki, da aka amince da shi don wannan a 2021, ana yin sa tsawon shekara guda, sai dai yana da tsada ƙwarai. Idan ta bazu, akwai ƙwayoyi irin su sunitinib.

Tana iya dawowa, galibi a shekarun farko, amma an sha ganin ta bayan shekara 10. Huhu ta fi zuwa, sai ƙashi da hanta. Saboda haka ake sa ranakun dawowa: hoton ƙirji da na ciki, gwajin kiriyatinin a jini mai nuna aikin ƙoda, gwajin furotin a fitsari, da awon hawan jini, da farko duk wata 3 zuwa 6, daga baya shekara-shekara. Jin sauƙi ba dalilin fashi ba ne. Tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tofar da jini, ciwon ƙashi a wuri ɗaya, ko rama babu dalili, a kai wa likita kafin ranar.

Wanda aka yi wa aiki a nesa, ko a Kano, Zariya, Abuja, Yamai, ko a Masar da Indiya, ya nemi likitan mafitsara a asibitin koyarwa mafi kusa da shi ya buɗe fayil, ya ajiye kwafin takardar sallama, sakamakon gwajin ƙari da hotuna wuri ɗaya. Kafin a yi masa hoton da ake ɗura ruwan rini a jijiya, ko a rubuta masa sabon magani a ko'ina, har a asibitin alhazai, ya fara gaya musu ƙoda ɗaya gare shi.